Soja da Malamai a Hanyar Mulkin Farar Hula: Darasin 1978

 Ya 'yan'uwa Musulmi, muna so mu waiwayi yadda soja suka miƙa mulki a Nijeriya a 1979, domin akwai abin lura a ciki.

A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammed ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula, ya kuma kafa kwamitin rubuta daftarin tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams. Allah Ya yi masa cikawa ran 13 ga Fabrairu 1976, Janar Obasanjo ya ci gaba da aikin. Daftarin nan ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Tarayya, wadda za ta saurari ƙararrakin aure da gado da wasiyya da waƙafi a tsakanin Musulmi.

Da maganar ta zo gaban Majalisar Tsarin Mulki da ta zauna a Ikko a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, sai gardama ta kaure. Wasu wakilai suka ce ana nufin musuluntar da ƙasa, Musulmi kuwa suka ce haƙƙinsu ne da suka gada tun kafin zuwan Turawa. Masu wa'azi na ɓangarorin biyu suka ƙara wa wutar itace. A watan Afrilu na 1978 wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren, ba su koma ba sai da shugaban soja ya tsawatar.

To, me aka samu? An soke kotun tarayya. Aka bar wa kowace jiha mai bukata ta kafa tata, aka ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta ƙunshi alƙalai masana Shari'a. Daga baya soja suka yi wa tsarin gyare-gyare yadda suka ga dama, har suka cusa dokar mallakar ƙasa, kana suka miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki ran 1 ga Oktoba 1979. Ran 31 ga Disamba 1983 suka karɓe abinsu. Da gardamar ta sake tashi a 1988, gwamnatin Janar Babangida ta hana majalisa tattauna ta ɗungum.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk sa'ad da shugabannin addini da wakilan jama'a suka kasa daidaitawa, mai bindiga ne zai raba gardama, kuma hukuncinsa ba ya da ɗaukaka ƙara. Abin da doka ta soja ta bayar da safe, wata dokar tana iya ƙwacewa da yamma.

Musulunci ya ɗora al'amarin jama'a a kan shawara da riƙon amana. Saboda haka wajibi ne malamai su bayyana wa maƙwabtanmu iyakar abin da muke nema, da hujja da lafazi mai taushi, tun kafin a shiga zaure. Ɗan kasuwa ya dubi wanda yake ba kuɗinsa lokacin zaɓe, ma'aikaci ya tsare gaskiya a kan kujerarsa. Kada ɗayanmu ya yi addu'ar juyin mulki don an kayar da shi a muhawara.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.