Aljabara A Jarrabawar Shiga Sakandare: Abin Da Yaran Bagudo Suka Riga Suka Iya

Kowace shekara ɗaliban aji shida na firamare sukan zauna jarrabawar shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, wadda Hukumar NECO, da aka kafa a 1999, take shiryawa. A Jihar Kebbi akwai irin waɗannan makarantu a Birnin Yauri da Gwandu da Zuru. Ga yaron da ya fito daga Kaoje ko Illo ko Lolo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, samun gurbi a ɗayansu ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma sau da yawa 'yan makin lissafi kaɗan ne ke raba wanda ya shiga da wanda ya koma gida.

Tambayoyin da suka fi razana yara su ne na aljabara, watau inda ake ɓoye wata lamba, a sa akwati ko harafin x a madadinta, a ce a nemo ta. Abin mamaki kuwa, yaran wannan yanki sun daɗe suna yin irin wannan lissafi. Yaron da ya tashi a Tsamiya, hanyar Segbana ta Jamhuriyar Benin, yana juya naira zuwa sefa da ka, tun kafin babba ya gama laluben alƙalami. A ganina, abin da ke kayar da shi Turancin tambayar ne, domin a gida Hausa ko Fulatanci ko Dandanci ko Busanci yake ji.

Ga misali. Wata mata ta sayi gero kwano 3, ta ba ɗan dako naira 200, duka ta kashe naira 3,800. Nawa ne kwano ɗaya? In an yi wa yaro wannan tambaya da Hausa, nan take zai cire kuɗin dako, saura 3,600, ya raba uku, ya ce 1,200. To, abin da ya yi ke nan idan an rubuta 3x + 200 = 3,800. Kuskuren da aka saba gani a takarda shi ne ɗalibi ya raba 3,800 gida uku tun bai cire 200 ba, ko kuma ya ƙara 200 ɗin maimakon ya rage. Maganin wannan shi ne malami ya nuna masa alamar daidai tamkar sikeli ce: duk abin da aka ɗebe a hannun dama, tilas a ɗebe shi a hannun hagu.

Wannan dabara tsohuwa ce. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga kalmar "aljabr" da ke cikin sunan littafinsa aka samo sunan fannin. A Larabci kalmar tana nufin ɗori, irin wanda ake yi wa karaya. Babban sashe na littafin kuwa a kan wasiyya da rabon gado yake, ilimin da malamanmu na zaure suke karantarwa har yau. Saboda haka uban da ke ɗaukar x a matsayin baƙon abu na Turawa, lalle ya sake dubawa.

Ma'aikacin da ke da ɗa a aji shida ba ya bukatar sayen tarin littattafai. Ya samo takardun tambayoyin shekarun baya, kullum da yamma ya zaɓi uku. Yaro ya karanta da Turanci, ya faɗi ma'anar da harshen gida, sa'an nan ya rubuta ta da lambobi, kafin ya taɓa warwarewa. A kula ƙwarai da kalmomin da ke nufin jimilla da bambanci da ninki da rabi, domin nan ne tarkon yake.

Har ila yau, tun da amsoshin zaɓi ake bayarwa, a koya masa ya mayar da amsarsa cikin tambayar ya gwada: 1,200 sau uku, a ƙara 200, ya ba da 3,800 ko bai bayar ba? Idan lokaci ya ƙure kuma hanya ta ɓace masa, sai ya bi amsoshin da aka jera ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, har ya dace da wadda ta daidaita sikelin.