Disleksiya da Ɗakin Jarrabawa a Masarautar Daura

Disleksiya matsala ce ta koyon karatu da rubutu wadda ake haihuwar yaro da ita, kuma sau da yawa gado ce a dangi. Mai ita yana gani garau, yana ji sarai, basirarsa kuma daidai take da ta tsaransa. Abin da ke ba shi wuya shi ne haɗa baƙi da sautinsa cikin sauri. Wani likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, ne ya raɗa mata wannan suna a shekarun 1880, sannan a 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya wallafa bayanin wani yaro haziƙi ɗan shekara 14 da karatu ya gagara. Yawancin ƙiyasin masana na cewa tana shafar mutum 5 zuwa 10 cikin 100.

A azuzuwan Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, irin wannan yaro ba da wannan suna aka san shi ba. Daƙiƙi ake ce masa, ko a ce kansa ba ya ja. Shi ne wanda idan malam ya yi tambaya da baki zai riga kowa ɗaga hannu, amma idan aka ce ya tashi ya karanta abin da ke kan allo sai ya kama in'ina, ya tsallake layi, ya musanya b da d, ƙugiyar ɓ da ɗ kuma ta ƙara dagula masa lissafi. A Islamiyya yana iya riƙe hadda da kunne har a yaba masa, abin da ke sa iyaye su ɗauka cewa boko ne kawai ya ƙi don ganin dama. Daga nan sai bulala.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi, domin kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, don haka yaron yakan lallaɓa a ƙananan azuzuwa. Turanci ne ke tona asiri, saboda baƙi ɗaya na iya ɗaukar sauti iri-iri. Manyan jarrabawowi kuwa, ta kammala ƙaramar sakandare da ta WAEC da NECO da JAMB, kusan duk darussansu da Turanci ake yi. A jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, ɗalibi na amsa tambaya 180 cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda sai ya maimaita jimla sau biyu ko uku kafin ya gane ta, lokaci zai ƙare masa ko da ya san amsa. Makin da zai samu a Kimiyya ko Tarihi ya zama ma'aunin saurin karatunsa ne, ba na abin da ya sani ba.

Wannan giɓi ne tanadin jarrabawa ke ƙoƙarin cikewa. Ba a sauƙaƙa tambaya, ba a kuma ƙara maki. Mafi yawan abin da ake bayarwa shi ne ƙarin lokaci. A Ingila an saba ƙara kashi 25 cikin 100, wato rabin awa a kan takardar awa 2. Akwai mai karanta wa ɗalibi tambaya ba tare da ya yi masa bayani ba, da mai rubuta abin da ya faɗa kalma bayan kalma, da ɗaki na daban, da takarda mai manyan baƙaƙe. Tanadin yana da iyaka: a ɓangaren da karatun kansa ake gwadawa, ba a barin mutum ya karanta wa ɗalibi. Sharaɗin da ya fi muhimmanci a can shi ne taimakon ya zama wanda ɗalibin ya saba samu a ajinsa, ba wanda aka ƙirƙiro ranar jarrabawa ba.

A Najeriya, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda ɗan Daura, shugaban ƙasa na wancan lokaci Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar da haƙƙinsu na samun ilimi. JAMB ta kafa rukuni na musamman a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, ciki har da Kano, daga baya kuma aka faɗaɗa aikinsa zuwa wasu larurori. WAEC ma tana buga takardun rubutun makafi da masu manyan baƙaƙe, tana kuma ba da ƙarin lokaci. Sai dai tsarin ya ginu ne a kan larurar da ido ke gani. Jihar Katsina tana da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi, amma mai disleksiya yana cikin aji na gama-gari, ba sanda, ba alama.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Hukumar jarrabawa ba za ta ƙara wa kowa lokaci a kan maganar baki ba, musamman a ƙasar da satar amsa ta sa ake zargin duk wani sassauci, kuma ana bayyana larura ne tun lokacin rajista. Gwajin da ke tabbatar da disleksiya aikin ƙwararru ne, irin waɗanda ake horarwa a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Kafin a kai ga gwajin, dole a tabbatar ba ido ko kunne ba ne, ba kuma rashin malami ko yawan fashin makaranta ba, domin a ajin da yara da dama ba su iya karatu ba, mai disleksiya yakan ɓace a cikin taro.

Abin da ke hannun makaranta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Malamin aji na iya yi wa yaro tambaya ɗaya a rubuce da kuma a baki, ya adana sakamakon biyun zango bayan zango, tare da littattafan aikinsa. Shugaban makaranta na iya ba shi ƙarin lokaci a jarrabawar ƙarshen zango, ya rubuta bambancin da aka gani. Wannan fayil, haɗe da rahoton ƙwararre, shi ne za a gabatar lokacin rajistar aji uku na babbar sakandare, shi ne kuma ɗalibin zai tafi da shi idan ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ko Kwalejin Yusuf Bala Usman, inda jarrabawar zangon karatu ke hannun makarantar da kanta.