Tayimin bel: Yaushe ya kamata mai mota ya canza shi?

Matashin da ya sayi motarsa ta farko yakan kula da baƙin mai, taya da batir. Abin da ake yawan mantawa shi ne tayimin bel, domin yana ɓoye a cikin murfi a gefen inji, ba a ganinsa idan an ɗaga bonet. Ya bambanta da fambel da ke waje yana juya altaneta.

Tayimin bel roba ce mai haƙora da ke haɗa karanshaf da kamshaf, ta yadda bawul za su riƙa buɗewa da rufewa daidai da hawa da saukar fistin. Idan ya tsinke, inji zai mutu nan take. A injuna da yawa ɓarnar ta wuce nan: fistin zai bugi bawul ɗin da suka tsaya a buɗe ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji, wani lokacin ma a nemi wani injin.

Matsalar ita ce sau da yawa bel ɗin ba ya ba da wata alama kafin ya tsinke. Shi ya sa kamfanoni ke ƙayyade wa'adi, galibi tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000, wato kusan kilomita 100,000 zuwa 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya fara cika. Shekaru na da muhimmanci ko da motar ba ta yawan tafiya, domin roba na bushewa ta tsattsage, kuma zafi na ƙara saurin hakan. Baƙin mai da ke ɗiga a kansa ma yana cinye shi.

Ba kowace mota ke da bel ba. Toyota Corolla ta 2003 zuwa sama da Camry mai silinda huɗu daga 2002 suna amfani da sarƙa, wadda ba a sa mata irin wannan wa'adi. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa ta kasu biyu: mai silinda huɗu sarƙa ce, mai V6 bel ne. Peugeot 406 da Toyota Sienna ta 2004 zuwa 2006 duk bel gare su.

A nan waya ke da amfani. Ana iya sauke littafin motar daga intanet a duba wa'adin injin da ke cikinta. A lura cewa motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil 1 ya kai kimanin kilomita 1.6.

Ga wanda ya sayi 'yar Kwatano, lambar da ke kan mita ba hujja ba ce, tunda ana iya mayar da ita baya. Idan babu rasit ko sitikar da ke nuna ranar da aka canza bel ɗin, abin da ya fi shi ne a ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Ranar canji, yana da kyau makanike ya haɗa da tenshona, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, tunda wahalar kwancewar ɗaya ce. Daga nan mai mota ya ɗauki hoton mita da rasit, ya sa tunatarwa a kalandar wayarsa don canji na gaba.