Kafin a ɗora wa batir laifi

Da asubar hunturu, wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan a birnin Zazzau ba ya rasa ganin tsohuwar a-kori-kura ko tifa da yaran mota suna turi, direba na ciki yana jiran ya saki kuloci. Yawancin motocin tsofaffin hannu ne: fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975, da Marsandi 911 da ta ƙi ritaya. In aka murɗa makulli, kik ya yi gurnani kamar mai ciwon baya, kowa sai ya ce batir ya mutu.

Sau da yawa kuwa ƙazafi ne.

Gaskiya sanyi na rage wa batir ƙarfi, yana kuma sa baƙin mai kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Amma ɓarnar tun bazara ake yin ta, lokacin da zafin Maris da Afrilu ke ƙafar da ruwan batir. Hunturu tonon asiri kawai yake yi. Mai injin gas ya fi shan wuya, domin ba shi da filogi. Zafin matsewar iska ne ke kunna man, kuma in juyin ya yi sanyi-sanyi zafin ba ya kaiwa.

Masu gyaran wutar mota na Tudun Wada da Sabon Gari suna da gwajin da ba ya cin ko sisi. A kunna fitilun gaba, a murɗa makulli. In hasken ya dusashe kamar zai mutu, to batir ne ko kawunansa. In ya tsaya garau, sai dai a ji ƙas, matsalar tana wajen kik. Mai mita kuma zai ga cikakken batir yana nuna wuta 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin tayarwa. Bayan inji ya tashi, ana son ganin wajen 14. In bai kai ba, altaneta ba ta caji, ko fanbel ya saki, kuma sabon batir ma haka zai ƙare cikin kwanaki.

Inda aka fi yin sakaci shi ne kan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kai, da kan da ya yi lako-lako har aka cusa masa ƙusa, duk suna tare wuta. Haka wayar da ke haɗa batir da jikin mota, wadda ƙura da tsatsa ke ci ba mai dubawa. Bayan an gwada tayarwa, a shafa wayoyin da hannu: inda aka ji zafi, nan wutar ke maƙalewa. Ruwan ɗumi da burushin ƙarfe da sifana sun sha tayar da motar da aka riga aka yi wa cinikin batir.

Akwai kuma direban da ke ƙwanƙwasa kik da sifana, mota ta tashi, ya yi murmushi. Burushin kik ne ya cinye, kuma ranar da zai ƙi jin duka tana tafe, wataƙila a Kwangila da kaya niƙi-niƙi.

Manyan motoci masu batir biyu, wato wuta 24, suna da nasu tarkon: a sauya ɗaya a bar tsoho, tsohon ya janyo sabon ƙasa. In kuwa kik na juyawa da ƙarfi amma inji ya ƙi kamawa, an bar zancen batir ke nan. Sai a duba hita, ko filtar mai, ko iskar da ta shiga layin gas. A nan ne wasu ke kanga tsumma mai fetur a bakin iska, dabarar da kan tayar da inji, takan kuma tayar da gobara. Kik dai kada ya wuce daƙiƙa 15 yana juyi ba a bar shi ya huce ba, don naɗin wayarsa in ya ƙone sai an kai shi Sabon Gari.