Thurbert Baker: daga wasan takobi zuwa gidan shari'a

A Amurka kowace jaha tana da babban lauyanta, wanda ke kare ta gaban alƙali, yana ba hukumomi shawara kan doka. A jahar Jojiya jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a, don haka gwamna ba ya da ikon tuɓe shi. Mai karatu ya riƙe wannan, don a nan labarin yake.

An haifi Thurbert Baker a shekara ta 1952 a garin Rocky Mount, cikin Karolina ta Arewa. A jami'ar jaharsu ya shiga ƙungiyar wasan takobi, inda ƴan wasa biyu ke karawa, fuska a rufe, ana samun maki ta hanyar taɓa ɗan uwa da takobi. A 1975 ya zama zakaran gasar jami'o'in yankinsu. Ya gama karatun doka a jami'ar Emory a 1979, aka zaɓe shi depite a 1988.

A 1997 gwamna Zell Miller ya naɗa shi babban lauyan Jojiya, baƙar fata na farko a wannan kujera. Jama'a suka tabbatar da shi har sau uku: 1998, 2002 da 2006.

A 2003 sabon gwamna, Sonny Perdue, ya umurce shi da ya janye wata ƙara kan rabon mazaɓu. Baker ya ce sam. Gwamna ya kai shi gaban shari'a, kotun ƙolin jahar kuwa ta ba Baker gaskiya.

Taurin kan nan bai yi masa rana kullum ba. A 2007 wani alƙali ya ba da umurnin sakin wani saurayi baƙar fata da aka ɗaure shekara 10 saboda ya sadu da yarinya mai shekara 15, shi yana da 17, ba da tilas ba. Baker ya ɗaukaka ƙara, yana cewa alƙalin ya wuce iyakarsa. Shugabannin baƙar fata suka yi masa caa. A ganinmu, ko da yana da hujjar doka, ya ƙara wa yaro wata huɗu a kaso, kafin kotun ƙolin ta sake shi a watan Oktoba.

A 2010 ya nemi jam'iyyarsa ta Dimokurat ta tsayar da shi takarar gwamna, Roy Barnes ya kada shi. Ya sauka daga muƙami a Janairu 2011, ya koma aikin lauya mai zaman kansa.