Za'afaran: furen kaka mai zare uku da ƴan uwansa masu ruɗa mai saye

A daidai lokacin da manoman ƙasarmu suke ɗaure dammunan hatsi, wato daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, can a lardin Khurasan na Iran da kuma Taliwin ta kudancin Maroko wani girbi ne ake yi wanda babu lauje babu masussuka a cikinsa. Mata da yara su kan fita tun da asuba, kafin rana ta taɓa gona, suna tsinkar wani ɗan fure mai launin shunayya wanda bai kai taƙi ɗaya ba daga ƙasa. A cikin kowane fure akwai jan zare guda uku. Waɗannan zaruruwa su ne za'afaran, wanda alhazanmu suke sayowa a Makka da Madina cikin ƴan kwalabe, malamai kuma suke jiƙa shi don rubutu.

Ana buƙatar fure kamar 150.000 kafin a sami kilo guda na busasshen za'afaran, domin idan aka shanya zaren kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa yana tafiya. Da hannu ake tsinka, da hannu ake cire zaren, kuma dukan lokacin furen bai wuce mako uku ba a shekara. Shi ya sa wanda ake nomawa a Faransa yake kai wajen Yuro 30 giram guda, kusan jika 20 na kuɗinmu. Na Iran, ƙasar da ke fitar da kamar kashi 90 cikin 100 na za'afaran duniya, ya fi wannan araha ƙwarai, amma shi ma ba kayan awo da tiya ba ne.

Masana tsirrai suna kiran wannan shuka Crocus sativus. Abin mamaki game da ita shi ne juya ce: tana fure amma ba ta yin iri ko kaɗan. Dalili kuwa, a maimakon jeri biyu na ƙwayoyin gado da yawancin halittu suke da su, ita uku gare ta, saboda haka barbara ba ta kamawa. Abin da ake shukawa shi ne tushenta, wanda daga waje ya yi kama da ƙaramar albasa mai riga ta zare-zare, amma in an tsaga shi dunƙule ne kamar gwaza, babu ɓawo bisa ɓawo. Uwar takan mutu kowace shekara ta bar ƴaƴa a kanta, manomi ya raba su ya sake binnewa. Ke nan za'afaran na Kashmir da na Spaniya da na Herat a Afganistan kusan shuka guda ce da aka yi ta rabawa hannu da hannu shekaru dubbai. Binciken da masana na Jamus suka wallafa a 2019 ya nuna cewa kakanta wani furen jeji ne na yankin Atina a Girka, mai suna Crocus cartwrightianus, wanda shi yana yin iri, sai dai zarensa gajere ne. A tsibirin Santorini na ƙasar an tono zanen bango na wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka zana ƴan mata suna tsinkar furen.

Dangin wannan fure yana da yawa, kuma masana ba su daidaita a kan adadinsa ba. Brian Mathew na Ingila ya lissafa iri 80 a littafinsa na 1982. Janis Ruksans na Latbiya ya kai su 235 a nasa na 2017. Mafi yawansu bayan hunturu suke fure, amma da dama cikin kaka suke fitowa tare da za'afaran, da launi kusan ɗaya, kuma a nan ne ruɗun yake. Wanda ya fi yawa a lambunan Turai shi ne Crocus speciosus, ɗan asalin Turkiyya da Kokasiya da arewacin Iran: furensa babba ne, mai jijiyoyi masu duhu, yana fitowa babu ganye, zarensa kuma ruwan lemo ne da ya rarrabu kamar geza. Crocus kotschyanus ya fi shi haske, da ɗigo-ɗigon rawaya a maƙogwaron furen. Crocus pulchellus ana gane shi da fararen sandunan gari na tsakiyarsa. Akwai ma wanda masu lambu suke kira Zephyr, fari mai ɗan toka-toka, da ake ɗauka ruwa biyu ne tsakanin speciosus da pulchellus. Dukansu ado ne kawai. Ko an tara gona guda ba za su ba da giram ɗaya na abin sayarwa ba. Shi za'afaran na gaskiya ganyensa siriri ne kamar ciyawa, da farin layi a tsakiya, tare da furen yake fitowa, zarensa uku ja wur, dogaye har su kan leƙo waje su rataya.

Wanda ya fi dukansu haɗari ma ba ɗan dangin ba ne. Faransawa suna kiransa colchique, wasu su ce safran des prés, wato za'afaran na makiyaya, mutanen ƙauye kuma su ce tue-chien, kashe-kare, kuma wannan suna na ƙarshe shi ya faɗi gaskiya. Cikin kaka yake fure, launinsa shunayya, babu ganye, amma daga tushe har fure dafi ne. Daga gare shi ake fitar da kolshisin, maganin da likitoci suke bayarwa ƙwaya-ƙwaya don wani ciwon gaɓoɓi. In ya wuce ƙima yana kisa, mutum ko dabba. Bambance su ba ya buƙatar zuwa jami'a, ƙidaya ce kurum. A buɗe furen a ƙirga ƴan sandunan da suke ɗauke da gari: in uku ne, dangin za'afaran ne, in shida ne, a wanke hannu.

Game da noma, za'afaran shuka ce mai tafiya saɓanin sauran. Ana binne tushen tsakanin Yuli da Satumba, zurfin santimita 15 ko fiye kaɗan, a ƙasa mai tsane ruwa da sauri. Sai sanyin kaka ya sauka, zafi ya koma wajen digiri 15 zuwa 17, sannan furen ya ɓullo. Ganyen yana zama kore dukan hunturu yana ciyar da ƴaƴan da ke ƙasa, ya bushe wajen Mayu, daga nan tushen ya yi barci cikin busasshiyar ƙasa mai zafi har wata huɗu. Bayan shekara huɗu ko biyar ana tone su a raba, a canza musu gona, domin cunkoso da ruɓa da ɓeraye su ne abokan gabansu. Mutanen Gatine, kudu da Paris, sun ga yadda wannan noma yake iya mutuwa: tsananin sanyi na wajen 1880 da tsadar ƙwadago suka rage shi har gona ta ƙarshe ta ɓace wajen 1930, sai a 1987 aka sake farfaɗo da shi da tushen da aka sayo daga Kashmir.

Duk wanda ya dubi wannan jadawali ya san amsar tambayar da wani mai lambu na Madarunfa ko Galmi zai yi in ya ji farashi. Watannin da tushen yake son barci cikin fari su ne daminarmu, lokacin da ƙasa take jiƙe kuma da zafi, abin da ke ruɓar da shi. Darinmu kuma gajere ne, da rana ba ya sauka inda shukar take so na tsawon lokaci. In akwai wurin da gwaji zai yi ma'ana a Nijar, to bisa duwatsun Ayar ne, kamar Bagzan, inda tsayi ya kai wajen mita 2.000 kuma ruwan sama kaɗan ne. Wannan aiki ne na ma'aikatan binciken noma a ɗan fili, ba na ɗan kasuwa da jarinsa ba. A ganina, wanda aka yi wa tallar tushen za'afaran a intanet da alkawarin arziki a shekara guda, gara ya zuba kuɗinsa a albasa.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne busasshen kaya. A nan harshen Faransanci ya ƙara dagula lissafi, domin safran des Indes da ake gani a wasu ƙunshe ba kome ba ne illa gangamau, wanda kilonsa bai kai kuɗin giram ɗaya na na gaskiya ba. Ana kuma haɗa shi da furen carthame, ko gemun masara da aka rina, ko a shafa masa zuma ko mai don ya ƙara nauyi. Algus ɗin tsoho ne: a birnin Nuremberg na Jamus, a 1444, an ƙone wani ɗan kasuwa tare da gurɓataccen za'afaransa.

Saboda haka kada a sayi gari, a sayi zare. Zaren gaskiya yana da tsawon santimita 2 zuwa 3, siriri a gindi, bakinsa buɗe kamar na kakaki. Yana da ƙamshi mai ƙarfi amma a harshe ɗaci gare shi, ba zaƙi ba. A jefa zare uku cikin kofin ruwa mai ɗumi a jira minti goma zuwa goma sha biyar. Na gaskiya a hankali yake sakin launi, ruwan ya koma rawaya kamar zinariya, zaren kuma ya zauna da jansa. Na rini nan take yake jajanta ruwa, zaren ya koɗe, in an murza shi da yatsa ya dagargaje.