Sana'ar Sayar da Dafaffen Abinci a Ƙasar Hausa: Misali Daga Gafasa da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi nazarin sana'ar sayar da dafaffen abinci a ƙasar Hausa, matsalar farko da zai ci karo da ita ta suna ce. Kalmar nan "restaurant" da Turawa ke amfani da ita ta samo asali ne daga birnin Faris na ƙasar Faransa a cikin ƙarni na 18, inda da fari take nufin wani romo mai mayar wa jiki ƙarfi, daga baya kuma ta koma sunan wurin da ake sayar da shi. Wato a can wurin ne ya sami suna. Shi kuwa Bahaushe mutumin yake kira, ya jingina shi ga abin da yake dafawa: mai tuwo, mai ƙosai, mai waina, mai tsire, mai shayi. Sunan "gidan abinci" daga baya ya zo.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa rabe-raben wannan sana'a a wurin Hausawa sun dogara ne a kan tambayoyi uku: wa ke dafawa, a ina ake sayarwa, kuma wa ake dafa wa. An ɗauki misali daga Gafasa, wadda take gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Ajingi, cikin ƙasar Gaya a gabashin Jihar Kano. Yankin na manoman gero da dawa da wake da gyaɗa ne, ga shi kuma kusa da garuruwan Gaya da Wudil, saboda haka ana iya bin sawun sana'ar daga ƙauye zuwa bakin titi, har ya zuwa birni.

2.0 Matsayin Abinci a Al'ada

Bisa al'ada, abincin magidanci a gidansa yake. Da almuru akan fito da tuwo zaure ko ƙofar gida, maƙwabta su haɗa akusansu su ci tare, abin da ake kira ciyayya. Baƙon da ya sauka a gari kuwa haƙƙin mai masaukinsa ne ya ciyar da shi, ba a kuma karɓar kuɗinsa. Saboda haka ganin dattijo mai iyali zaune a rumfar kasuwar garinsu yana cin tuwon saye abin magana ne, domin alama ce ta cewa gidansa ba lafiya. Waɗanda aka fi sani da sayen tuwo su ne gwauro da matafiyi da ɗan ƙodago da wanda ya zo cin kasuwa daga nesa.

Sai dai wannan kunya ta fi shafar abincin dare. A gidaje da dama na karkara sau ɗaya ake ɗora babbar tukunya a yini, a ci tuwo da dare, a yi ɗumamensa da safe. Abin da ya rage, wato kalaci da abincin rana, sau da yawa saya ake yi, kuma wannan giɓi shi ne tushen sana'ar.

3.0 Ire-iren Wuraren Sayar da Abinci

3.1 Na Cikin Gida

Wannan shi ne mafi yaɗuwa a wuri irin Gafasa, kuma shi ne wanda idon baƙo bai cika gani ba. Matan aure da ke cikin kulle ne ke dafawa a madafin gidajensu: koko da ƙosai da safe, ɗanwake da alale da dambu da rana, sai fura da waina, sannan awara da ta shigo bayan yaɗuwar waken suya. Yara, musamman 'yan mata, su ke fita talla, ko kuma a aiko yaro da kwano ya shigo ya saya. Jarin matar ne, ribar ma tata ce, miji ba shi da iko a kai, har ma yakan sayi abin da matarsa ta dafa domin sayarwa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira wannan da ɓoyayyen ciniki a wata maƙala da ta buga a 1969, inda ta nuna cewa gidajen gari tamkar kasuwa ce da ba ta da fili.

3.2 Na Kasuwa

Ranar kasuwar mako akan ga rukuni uku. Na farko 'yan tuwo-tuwo, waɗanda galibi zawarawa ne ko dattijai mata da kulle bai hau kansu ba, suna kafa tukwane a rumfa su sayar da tuwo da miya ko shinkafa da wake. Na biyu matan Fulani masu fura da nono, waɗanda ke damawa nan take a ƙwarya. Na uku mahauta, masu tsire da balangu da kilishi. Wannan na ƙarshe sana'ar maza ce ta gado, mai shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Fawa. Kasuwar shanu ta Wudil, wadda ke ci ranar Juma'a, misali ce babba, domin dubban mutanen da take tarawa daga nesa duk sai sun ci, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

3.3 Na Masauki da Bakin Hanya

A zamanin fatauci da jakuna, ayari a zango yake yada dare, a manyan kasuwanni kuma fatoma ne ke saukar da baƙi, ya ba su makwanci da abinci, ladansa ya fito daga cinikin da suka yi. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, inda masu gidaje ke ciyar da fataken shanu da na goro. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yawaitar motoci bayan haka, sun mayar da wannan hidima tasha, aka kuma koma biya nan take. A nan ne mai shayi ya sami gindin zama, da teburinsa da bencinsa da burodi da ƙwai, daga shekarun 1990 kuma da taliyar Indomie. Teburin mai shayi ya zama majalisar samari. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya ƙara zirga-zirga a hanyar da ta taso daga Wudil ta bi ta Gaya zuwa Dutse, kuma inda mota ke tsayawa, nan tukunya ke ɗoruwa.

3.4 Gidan Abinci na Zamani

Shi ne mai gini da kujeru da ma'aikata da allon suna. A Kano, irin waɗannan wurare sun fara bayyana ne a wajen ganuwa, musamman Sabon Gari, wanda aka kafa wajen 1913 domin ma'aikatan da suka zo daga kudu. Da yake wasunsu sun haɗa abinci da giya da ɗakunan kwana, sai kalmar "otel" ta ɗauki tabo a kunnen Bahaushe, har ya zama masu sana'ar da ke neman mutunci sun gwammace "gidan abinci". Daga baya aka sami na Labanawa da na 'yan Sin, da kuma na kamfanoni masu rassa a garuruwa, irin su Mr Bigg's da ya fara a Legas a 1986.

4.0 Sawun Sana'ar a Harsunan Maƙwabta

Hujja mafi ƙarfi a kan daɗewar wannan sana'a a hannun Hausawa ita ce kalmomin da ta bari a wasu harsuna. A kudancin Nijeriya ana kiran tsire "suya". A Gana akwai "koko" da "koose", da "waakye" daga wake, da "tuo zaafi" daga tuwon zafi. Kalmar "buka", wadda ake kiran ƙaramin gidan abinci da ita a kudu, ta shiga ƙamusun Turanci na Oxford a 2020, inda aka danganta ta da Yarbanci da kuma kalmar Hausa bukka. Abin lura shi ne duk waɗannan kalmomi daga rukuni uku na farko suka fito, wato na gida da na kasuwa da na hanya.

5.0 Abin da Ke Cikin Hatsari

Rukunin farko ya tsaya ne a kan ƙafafun yara. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa matar kulle ba ta iya ciniki sai da ɗan aike, kuma ribar talla ita ke tara wa yarinya kayan ɗaki. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare ga kowa a 1976, makaranta da talla suke jayayya a kan lokacin yarinya ɗaya. In ta tafi aji, cinikin uwa ya ragu, in ta ɗauki faranti, karatu ya tafi, ga kuma haɗarin da ke tattare da yawon tasha. Duk mai son a daina talla, wajibi ne ya amsa tambayar yadda uwar za ta kai hajarta ga mai saye.

Na biyu, yayin da sana'ar ke matsawa daga madafi zuwa shago, jarin da take bukata yana ƙaruwa, mallakarta kuma tana karkata ga maza da kamfanoni. Idan hukuma ko mai bincike ya ƙirga masu allon suna kaɗai, to ya bar mafi yawan masu ciyar da jama'a a bayan katanga, kuma duk wani rance ko horon tsafta da aka tsara zai wuce su.

6.0 Kammalawa

An ga cewa sayar da dafaffen abinci a ƙasar Hausa ya taso ne daga gida da kasuwa da zango, gidan abinci mai allo kuwa shi ne ƙaramin ƙane. Aikin da ke gaban ɗaliban harshe da al'ada shi ne su shiga ƙauyuka irin Gafasa, su tattara sunayen abinci da na ma'auni da kirarin 'yan talla daga bakin matan da ke riƙe da sana'ar, tun suna da masu gadonsu.